Jita a Jami'a: Me Ɗalibi Ke Koya Cikin Shekara Huɗu?

[Kiɗan buɗe shiri: jita ita kaɗai, sannan a sassauta]

MAI GABATARWA:  Yau za mu leƙa wani fannin karatu da ba kasafai ake jin labarinsa a wajenmu ba, wato karatun kiɗan jita a jami'a. E, jitar dai da kuka sani. A Turai da Amurka da Asiya akwai jami'o'i da manyan makarantun kiɗa inda mutum zai shiga ya shekara huɗu a kanta, ya fito da digiri, in ya ga dama ya ɗora na biyu, har ya kai ga na dakta. Na san wani zai ce, to me ake karantawa a jikin katako da tsirkiya shida har shekara huɗu? Amsar wannan tambaya ita ce shirinmu na yau. Sai a gyara zama. Amma kafin mu yi nisa, ku saurari wannan.

[Sautin kiran wayar Nokia]

Duk wanda ya riƙe waya a farkon zuwan salula ya san wannan sauti. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, kiɗan jita ne. Wani makaɗin Sifaniya mai suna Francisco Tárrega ne ya rubuta shi a 1902, a cikin wani kiɗa da ya sa wa suna Gran Vals. Ya rasu a 1909. Sai a shekarun 1990 kamfanin Nokia ya gutsuro wannan ɗan yanki ya sa a wayoyinsa. Abin lura a nan shi ne yadda kiɗan ya kai ga kamfanin fiye da shekara tamanin bayan rasuwar mai shi: a rubuce ya bar shi a takarda, sauti bayan sauti. Wannan rubutu shi ne ya buɗe wa jita ƙofar jami'a, kuma shi ɗalibi ke shekara huɗu yana koyon karantawa da fassarawa da yatsunsa.

[Kiɗa: Gran Vals, a bar shi ya kai wurin da aka sani]

To wace jita muke magana a kai? Akwai ta lantarki, irin wadda Bombino da Mdou Moctar na ƙasar Nijar suka shahara da ita. Akwai mai tsirkiyar ƙarfe wadda mawaƙa ke rakiyar muryarsu da ita. Tamu ta yau ita ce ta uku, wadda ake kira jitar kilasika. Tsirkiyarta shida: uku na nailan zalla masu siririn sauti, uku kuma an naɗe su da siririyar waya don su ba da amo mai kauri. Tsawon tsirkiyar, daga inda aka ɗaure ta zuwa inda ta kwanta a saman wuya, galibi santimita 65 ne. A jikin wuyan an gitta 'yan ƙarafa guda 19 da suka raba shi gaɓa-gaɓa. Ba a sa mata lantarki, ba a kaɗa ta da tsinke ko ɗan roba. A zaune ake kaɗa ta, makaɗi ya ɗora ƙafar hagu a kan 'yar matashiya ta katako ko ta ƙarfe, ya kwantar da jitar a cinyarsa, wuyanta na kallon sama.

Hannun hagu ne ke danne tsirkiya a gaɓoɓi. Na dama kuwa yatsu huɗu ke aiki: babban yatsa, manuniya, na tsakiya da mai bi masa. Ƙaramin yatsa ɗan kallo ne. Babban yatsa na riƙe da amo mai kauri a ƙasa, sauran ukun na jan kari a sama da abin da ke cika tsakani. Shi ya sa idan gwani na kaɗawa, wanda bai gan shi ba sai ya rantse mutum biyu ne ko uku. Ware waɗannan muryoyi, kowace ta fito da nata ƙarfi da nata numfashi ba tare da ta danne 'yar'uwarta ba, shi ne babban aikin da ke cinye shekaru.

Bari mu koma baya, don darasin tarihi wajibi ne ga kowane ɗalibin wannan fanni. A ƙarni na 16 akwai wata kakar jita a fadojin Sifaniya da ake kira vihuela, mai tsirkiya shida bibbiyu. Littafin farko da aka buga na kiɗanta shi ne El Maestro, na Luis Milán, a birnin Balensiya a 1536. Luis de Narváez ya biyo baya a 1538, sai Alonso Mudarra a 1546. A ƙarni na 17 jita mai tsirkiya biyar bibbiyu ta karɓe fage. Gaspar Sanz ya buga littafin koyar da ita a Zaragoza a 1674, a Faransa kuma Robert de Visée na kaɗa wa sarki Louis na 14 ita a fada. Sai wajen ƙarshen ƙarni na 18 aka daidaita a kan tsirkiya shida ɗai-ɗai, kamar yadda take a yau.

Farkon ƙarni na 19 jita ta yi tashe a Faris da Biyana. Mauro Giuliani, ɗan Italiya, ya zauna Biyana a zamanin Beethoven, ya bar darussa 120 na horar da hannun dama waɗanda har gobe ɗalibai ke karya kumallo da su. Fernando Sor, haifaffen Basalona a 1778, ya ƙare rayuwarsa a Faris, inda ya buga littafinsa na koyarwa a 1830. Akwai wata gardama mai daɗi tsakaninsa da amininsa Dionisio Aguado. Sor da tsokar yatsa yake kaɗawa, yana ganin ita ke ba da sauti mai taushi. Aguado kuwa farce yake tarawa, yana neman sauti mai kaifi da sauri. Gardamar ba ta ɓata abotarsu ba, har Sor ya rubuta wani kiɗa na jita biyu don su kaɗa tare. A yau kusan kowa na bin hanya ta tsakiya: tsoka ta fara taɓa tsirkiya, farce ya sake ta.

Bayan wannan zamani sai kasuwar jita ta faɗi. Fiyano ya ƙara girma da ƙara, ɗakunan kiɗa suka ƙara faɗi, ita kuwa jita muryarta ba ta wuce falo. Mutum biyu ne suka tashe ta. Na farko kafinta ne, Antonio de Torres, mutumin Almeriya, wanda aka haifa a 1817. Ya faɗaɗa cikinta, ya fiƙe allon fuskarta ya yi siriri, ya tallafe shi ta ciki da 'yan sanduna a baje. Don ya nuna cewa sirrin sauti a allon fuska yake, a 1862 ya ƙera wata jita da baya da gefe na kwali, fuskar kaɗai ce ta katako mai kyau, kuma ta yi amo. Tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Na biyu shi ne Tárrega mai kiɗan Nokia, wanda ya riƙi jitar Torres ya gyara zaman makaɗi da riƙon hannu, ya kuma juyo da kiɗe-kiɗen fiyano zuwa jita.

[Kiɗa: Recuerdos de la Alhambra]

Wannan ma na Tárrega ne, ya yi shi ne don tunawa da Alhambra, fadar sarakunan Musulmi ta birnin Granada a Andalus. Ku kasa kunne da kyau. Za ku ji kamar sauti ɗaya ne dogo yake gudana ba ya yankewa. Alhali jita ba ta iya jan sauti. Da an kaɗa tsirkiya sai amon ya fara mutuwa. Dabara ce. Babban yatsa ya kaɗa ƙasa, sai mai bin na tsakiya, da na tsakiya, da manuniya su bugi tsirkiya ɗaya a jere, da sauri, a kuma daidai wa daida. Ɗaya, biyu, uku, huɗu, a sake, a sake, har kiɗa ya ƙare. Idan yatsa ɗaya ya riga lokacinsa da ƙiftawar ido, sai kiɗan ya riƙa ɗingishi. Ɗalibi kan fara shi a hankali ƙwarai, da na'urar ƙidaya lokaci a gabansa tana ƙwanƙwasawa, ya riƙa ƙara sauri kaɗan-kaɗan cikin watanni.

Duk da haka, a farkon ƙarni na 20 manyan makarantun kiɗa ba su ɗauki jita a bakin komai ba. Kallon abin kiɗan mashaya da na samari masu zance suke yi mata. Kuma suna da hujja ɗaya mai ƙarfi: ina taskarta? Mai fiyano na da Mozart da Beethoven da Chopin, mai gogen Turawa ma haka. Ita jita kuwa, kusan duk abin da aka rubuta mata makaɗanta ne suka rubuta. Hector Berlioz na Faransa, wanda shi kansa yana taɓa jita, ya faɗa a littafinsa kan kayan kiɗa cewa da wuya wanda ba ya kaɗa ta ya iya rubuta mata abin kirki. Wannan ya sa manyan marubuta kiɗa suka yi nesa da ita.

Wanda ya fasa wannan katanga shi ne Andrés Segovia, haifaffen Linares a 1893. Ya sa wa kansa aiki: ya kai jita manyan ɗakunan kiɗa, ya samo mata taska, ya kuma shigar da ita makaranta. Ya riƙa bin marubutan da ba su iya jita ba yana roƙonsu su rubuta, shi zai daidaita wa yatsu. Ta haka aka samu ayyukan Federico Moreno Torroba da Joaquín Turina na Sifaniya, da Manuel Ponce na Meziko, da Mario Castelnuovo-Tedesco na Italiya. A 1935 a Faris ya kaɗa Chaconne na Bach, kiɗan kusan kwata na awa da aka rubuta wa goge, wanda a lokacin wasu masana ke ganin ya fi ƙarfin jita. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma, lokacin da tsirkiyar hanjin dabba ta yi wuyar samu, ya haɗa kai da wani maƙerin jita a Niyok, Albert Augustine, aka fito da ta nailan, wadda ba ta saurin tsinkewa kuma ba ta damu da damina ko rani ba kamar ta hanji. Segovia ya ci gaba da kiɗa har shekarar da ya rasu, 1987, yana da shekara 94.

Ku ji yadda ƙofofin suka buɗe ɗaya bayan ɗaya. A 1935 makarantar kiɗa ta Madrid ta naɗa Regino Sainz de la Maza malamin jita na farko. A Landan, Julian Bream ya shiga Royal College of Music bayan yaƙi, amma fiyano da babban goge ya karanta, don babu darasin jita. John Williams, haifaffen Ostireliya, ya shiga makarantar a 1956, shi ma fiyano aka ba shi. Da ya gama sai aka ce ya tsaya ya kafa sashen jita. Makarantar kiɗa ta Faris ta buɗe ajin jita a 1969 a hannun Alexandre Lagoya, wanda aka haifa a Iskandariya ta Masar. Juilliard ta Niyok kuwa sai 1989, inda wata mace, Sharon Isbin, ta kafa sashen. Kun ga ke nan fannin yaro ne ɗanye idan aka kwatanta shi da na fiyano.

[Ɗan hutu: kiɗa]

Masu sauraro barkanmu da dawowa. Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan karatun jitar kilasika a jami'a. Yanzu bari mu bi ɗalibi mu ga yadda karatun yake.

Da fari, ba a shiga da hannu biyu. Jami'a ba wurin fara koyo ba ce. Sai wanda ya riga ya shekara da shekaru yana yi. Akwai gwajin shiga, inda zai zauna gaban malamai ya kaɗa abin da ya shirya, galibi wani yanki na Bach, da wani na zamanin Sor ko Giuliani, da wani na ƙarni na 20. Sannan a ajiye masa takardar kiɗan da bai taɓa gani ba a ce ya karanta nan take. A nan ne masu koyo da kunne kaɗai ke faɗuwa, komai zaƙin hannunsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ya samu shiga, ƙashin bayan karatun shi ne darasin mako-mako, shi da malaminsa su biyu a ɗaki, kamar awa guda. Ya yi kama da ɗaukar karatu a zaure: almajiri ya biya, malam ya tsayar da shi ya gyara, ya koma ya maimaita, ba a wuce wuri sai ya zauna. Bari in ba ku misalin irin gyaran. A fiyano, kowane sauti wurinsa ɗaya ne tak. A jita ba haka ba ne. Sautin da tsirkiya ta farko ke bayarwa idan an kaɗa ta a sake, ana samun shi a tsirkiya ta biyu gaɓa ta 5, da ta uku gaɓa ta 9, da ta huɗu gaɓa ta 14. Tsayin sautin ɗaya ne, amma launinsa daban: na farko garau yake, na ukun ya fi duhu da ɗumi. Haka kuma idan hannun dama ya matsa kusa da inda aka ɗaure tsirkiya sai sauti ya yi kaifi, in ya matso wajen wuya sai ya yi laushi. Don haka malam zai tsayar da ɗalibi a kan sauti ɗaya ya tambaye shi: me ya sa ka ɗauke shi a nan? In ya ce nan ya fi sauƙi, bai ba da amsa ba. Dole ya kawo dalili daga kiɗan kansa: ina jimlar ta dosa, wace murya ce ke magana, me marubucin ke nufi.

Har farce darasi ne. Ɗalibin jita na yawo da ɗan zarto da takardar goge katako mafi laushi a aljihu. Faratan hannun dama ana tara su kaɗan, a karkata bakinsu, a goge har su yi santsi, don ƙaramin kaushi a bakin farce sai ya fito a sauti. Na hagu kuwa a yanke suke ƙasa-ƙasa. Wanda farcensa ya karye ana jibi jarrabawa ya san tashin hankali.

Bayan wannan akwai darussan aji. Akwai nazarin ƙa'idojin kiɗa, yadda sautuka ke jituwa da yadda ake gina kiɗa daga tushe. Akwai horon kunne, inda malam zai kaɗa abu a fiyano ɗalibai su rubuta abin da suka ji. Akwai tarihin kiɗa gaba ɗaya, da tarihin jita da taskarta. A nan ne ɗalibi ke koyon karanta tsofaffin littattafan da muka ambata, waɗanda ba da rubutun kiɗa na yau aka rubuta su ba. Layi shida ake ja, kowane layi tsirkiya ɗaya, a sa lamba a kai ta nuna gaɓar da za a danna. Kuma kowa da tsarinsa. A littafin Milán layin sama shi ne tsirkiya mai siririn sauti, a na Narváez da Mudarra kuwa layin ƙasa ne. Wanda bai san wannan ba zai karanta kiɗan a kife. Faransawa da Ingilishi kuma haruffa suke sawa a maimakon lamba. Aikin ɗalibi ne ya juyo da irin wannan zuwa rubutun zamani, ya yanke shawarar abin da zai yi da wuraren da jitar yau ta saɓa da ta da, ya kuma kare shawararsa a rubuce.

Akwai kiɗan haɗin gwiwa, da mai sarewa ko mai goge ko mawaƙi, don mai jita ya saba zama shi kaɗai, yana buƙatar koyon jiran wani. Akwai darasin koyarwa. Ƙarshen kowane zango ya kaɗa gaban kwamitin malamai su ba shi maki. A shekarar ƙarshe kuma ya shirya zaman kiɗa na kusan awa guda gaban jama'a, da ka, ba takarda, wanda ya ratsa zamani daban-daban. Tsakanin duk waɗannan akwai awanni na maimaici kullum a ɗan ɗaki shi kaɗai. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Sai dai malamai na gargaɗi a kan wuce gona da iri, don ciwon jijiyar hannu da na baya sun raba makaɗa da dama da sana'arsu. Shi ya sa ake koyar da zama daidai, da sassauta kafaɗa, da hutawa tsakanin maimaici.

[Kiɗa: sashe na biyu na Concierto de Aranjuez]

Abin da kuke ji shi ne Concierto de Aranjuez, kiɗan jita da babbar ƙungiyar makaɗa, wanda ya fi kowane irinsa shahara. Joaquín Rodrigo ne ya rubuta shi a 1939, aka fara kaɗa shi a Basalona a 1940. Rodrigo ya makance yana ɗan shekara uku sakamakon mashaƙo, da rubutun makafi yake aiki, kuma fiyano yake kaɗawa, ba jita ba. Da wuya ɗalibi ya gama digiri bai gwada ƙarfinsa a kan wannan ba.

Taskar da ake karantawa ba ta tsaya a Turai ba. Daga Barazil akwai Heitor Villa-Lobos, mai darussa 12 da ya kammala a 1929, waɗanda suka zama ma'aunin hannun ɗalibi a ko'ina. Daga Faragwai akwai Agustín Barrios, mai La Catedral, wanda ya rasu a 1944 aka kusa mantawa da shi, sai da John Williams ya fitar da faifan kiɗe-kiɗensa a 1977 duniya ta waiwaye shi. Daga Ingila akwai Nocturnal, wanda Benjamin Britten ya rubuta wa Julian Bream a 1963. Daga Kyuba akwai Leo Brouwer, wanda ya shigo da kiɗan baƙaƙen fatar tsibirin cikin rubutunsa. A 1981 ya rubuta El Decamerón Negro a kan labaran Afirka da Bajamushe Leo Frobenius ya tattara.

Afirka ma ta fara sa hannu da kanta. Francis Bebey, mutumin Duwala ta Kamaru, ya rubuta wa jita kiɗe-kiɗe ya zaga duniya da su, kuma John Williams ya sa wasu daga ciki a faifansa The Magic Box na 2002. Derek Gripper na Afirka ta Kudu ya zauna ya saurari Toumani Diabaté na Mali, gwanin kora mai tsirkiya 21, ya rubuta abin da yake ji, ya nemo hanyar fitar da shi a tsirkiya shida, ya fitar da faifai a 2012. Aikin da Segovia ya yi wa Bach ne aka yi wa makaɗan Mali. Ma'ana, taskar ba a rufe take ba, ana nan ana zuba mata.

To ina amfanin wannan labari gare mu? A jami'o'inmu an yi aiki mai yawa a kan waƙar baka. Masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun tattara tarihin makaɗa da mawaƙa, an rubuta baitoci, an yi nazarin salo da jigo. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. Amma galibin wannan aiki a kan kalmomin waƙa yake. Abin da hannu ke yi, yadda mai gurmi ke ɗaure tsirkiyarsa, yadda mai garaya ke juya kari, yadda Ɗan Maraya Jos ya riƙa fitar da zance daga tsirkiya ɗaya ta kuntigi, wannan yana buƙatar mutumin da ya iya sauraro, ya rubuta sauti, ya bayyana dabarar yatsu dalla-dalla yadda wani zai koya. Irin horon da muka bayyana a yau ke nan. Rubutu ba zai maye gurbin zama gaban gwani ba, a Turai ma bai maye ba, tunda har yau darasin mutum biyu ne ginshiƙi. Amma yana tsare abin da mutuwa za ta tafi da shi.

Iyaye kuma za su tambaya, kuma suna da gaskiya: in ya gama, me zai ci? Kada mu ɓoye. Waɗanda ke rayuwa da zagaya duniya suna kiɗa 'yan kaɗan ne, kuma yawanci sai sun yi nasara a manyan gasa, irin ta tunawa da Tárrega da ake yi a Benicàssim ta Sifaniya tun 1967, ko ta ƙungiyar jita ta Amurka. Mafi yawa koyarwa suke yi, a makarantu ko a gida. Wasu na aiki a ɗakunan ɗaukar sauti, wasu na rubuta kiɗan fim, wasu bincike da gyaran tsofaffin littattafai, wasu kuma kan haɗa biyu ko uku. Wanda ya shiga don neman kuɗin gaggawa ya ɓata hanya.

Ga matashin da abin ya ba shi sha'awa, shawara uku. Ka koyi karanta rubutun kiɗa tun yanzu, kada ka dogara da kunne da bidiyon intanet kaɗai. Ka nemi malamin da zai ga hannunka ido da ido, don gyaran mugun riƙo ya fi koyon sabo wahala. Sannan ka bi matakai: akwai jarrabawar kiɗa ta hukumomin Ingila irin su ABRSM da Trinity, mai hawa 1 zuwa 8, wadda makarantu da yawa ke dubawa, kuma tsofaffin darussan Sor da Giuliani da Carcassi suna nan kyauta a intanet, tunda haƙƙin mallakarsu ya daɗe da ƙarewa. Ka fara da masu sauƙi, ka riƙa ɗaukar kanka a waya kana saurare, kunnenka zai gaya maka gaskiyar da abokai ba za su faɗa ba.

Jama'a masu sauraro, a nan za mu dasa aya.   

[Kiɗan rufe shiri: sashe na ƙarshe na La Catedral]